Hadari Kafin Walƙiya: Aikin Lokotoro Redman a Kan Mabiyiya da Jijjigar Masu Ciki



Kowa ya san al'adarmu ran haihuwa. Ko jariri ya faɗo ya yi kuka, ungozoma ba ta sakin jiki tukuna. Ana jiran mabiyiya. Sai ta fito sannan a ce mace ta sauka lafiya. Daga nan a wanke ta, a haƙa rami cikin gida, a binne. Shi ya sa in mutum yana son nuna asalinsa sai ya ce nan aka binne cibiyarsa.

To, muna girmama mabiyiya bayan ta fito. Amma mene ne aikinta cikin wata tara da ta yi a ciki? Me ke faruwa in ta kasa wannan aiki? Yau za mu ba ku labarin wani lokotoro na ƙasar Ingila mai suna Kiristofa Redman. Ya yi shekara fiye da 50 yana neman amsar waɗannan tambayoyi, har ya rasu a watan Agusta na shekara ta 2024. Abin da ya gano ya shafi ko wane gida a ƙasarmu, domin ya shafi jijjiga, cutar nan mai kayar da mata masu ciki.

Cutar da ke zuwa kamar walƙiya

Da yawa daga cikinmu mun taɓa gani, ko mun ji labari. Yarinya ce mai cikin fari, cikin ya tsufa. Jiya tana daka tana raha da ƴan uwanta. Yau ta ce kanta na sara, idonta na gani dishi-dishi. Kafin a ankara ta faɗi, jiki na karkarwa, haƙora sun datse, ta tauna harshe, kumfa na fita bakinta. Wasu su ce iska ce ta buge ta. Wasu su ce sammu ne. A kawo hayaƙi, a kawo jiƙo. Kafin a yi shawarar neman mota, wani lokaci an rasa ɗan, wani lokaci an rasa su duka biyu.

Wannan ita ce jijjiga, wasu na ce mata taune-taune. Ma'aikatan lafiya suna kiranta ekilamsi. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta walƙiya, domin mutanen da sun ga tana faɗa wa mace farat ɗaya.

Amma manomi ya san walƙiya ba ta zuwa haka kawai. Sai hadari ya haɗu a gabas, iska ta juya, gari ya yi duhu. Jijjiga ma tana da hadarinta. Sau da yawa, kwanaki ko makonni kafin mace ta faɗi, jininta ya riga ya hau. Ƙodarta kuma ta fara yoyon wani sinadari mai kama da farin ƙwai cikin fitsari, ana kiransa albimin. Wannan hali shi ake kira firi'ekilamsi, wato abin da ke zuwa gabanin jijjiga. Mu a nan za mu kira shi hadarin jijjiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mata 100 masu ciki, 2 zuwa 8 na samunsa. Matsalar ita ce ido ba ya ganin wannan hadari. Mace na iya ɗauke da shi tana jin kanta garau. Awo kaɗai ke nuna shi.

Wane ne Redman?

An haifi Kiristofa Redman a shekara ta 1941 a birnin Firitoriya na Afirka ta Kudu, inda mahaifinsa ke aikin binciken taurari. Ya tashi a garin Kambirij na Ingila. Ya yi karatun likitanci a manyan jami'o'i biyu na ƙasar, Kambirij da Oksfod. Bai fara da koyon karɓar haihuwa ba. Horonsa na lokotoron cututtukan cikin jiki ne, irin su hawan jini da ciwon ƙoda. Wannan ya sa ya dubi mace mai ciki da wani ido daban. Yana tambayar me ke faruwa ga ƙodarta, da hantarta, da jininta.

A shekara ta 1970 ya kama wani aiki a Oksfod: a gwada ko maganin hawan jini yana da amfani ga mace mai ciki. A lokacin lokotoro da yawa na tsoron ba da shi. Suna ganin in aka saukar da jinin uwa, jinin da ke isa ga ɗa zai ragu. Kuma ba a daɗe ba da ganin ɓarnar wani magani mai suna talidomid, wanda mata masu ciki suka sha, aka haifi dubban yara da nakasa a hannu da ƙafa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya gudu.

Yaya ake gane gaskiya a irin wannan hali? Kamar yadda malamin gona ke gwada taki. Ya raba fili gida biyu, iri ɗaya, ruwa ɗaya. Ya sa taki a gefe guda, ya bar ɗayan. Da kaka a ƙirga damma. Haka Redman da abokan aikinsa suka yi. Sun ɗauki mata masu ciki waɗanda jininsu ya hau matsakaici. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka sha maganin metildofa, wanda aka fi sani da Aldomet. Rabi ba su sha ba, amma ana lura da su sosai.

Mata 242 suka kai ƙarshen gwajin. An bayyana sakamakon a shekara ta 1976. Cikin waɗanda ba su sha magani ba, an rasa ciki 9. Cikin waɗanda suka sha, an rasa 1.

Wani da ya tsaya nan ya karɓi yabo. Su kuwa suka ci gaba da bin yaran da aka haifa, ana auna girmansu, da jinsu, da ganinsu, da basirarsu, har suka kai shekara 7 da rabi. A shekara ta 1982 aka bayyana cewa ba a ga illar maganin ga lafiyar yaran ko basirarsu ba. Wannan haƙuri shi ya kwantar da hankalin ma'aikatan lafiya. Har yau ana ba mata masu ciki wannan magani a ƙasashe da yawa.

A wancan lokaci, a asibitin Oksfod ana liƙa ɗan tauraro mai launin azurfa a kan takardun matan da cikinsu ke da hatsari, don kowa ya gane su da sauri. Daga nan sashen da Redman ya kafa ya sami sunansa, Tauraron Azurfa. Ɗan mai binciken taurari ke nan, shi ma ya ƙare da nasa taurarin.

Sai dai ya lura da wani abu mai muhimmanci. Magani na saukar da jini, yana kare uwa daga fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Amma hadarin jijjiga bai wucewa. Cutar na ci gaba a ƙarƙashi. Ashe hawan jini alama ce kawai, kamar ganyen gero da ya yi ɗorawa. Manomi na gari in ya ga haka sai ya duba saiwa. Redman ma sai ya juya ga mabiyiya.

Mene ne aikin mabiyiya?

Mabiyiya ba ta cikin jikin mace kafin ciki. Daga ƙwan da ɗa ya fito ita ma ta fito. Tare suke tasowa, kamar tsiro da saiwarsa. Tana manne wa bangon mahaifa, cibiya kuma ita ce igiyar da ta haɗa ta da ɗan. Lokacin haihuwa nauyinta ya kai wajen rabin kilo.

Ɗan da ke ciki ba ya numfashi, ba ya cin abinci. Mabiyiya ce ke yi masa. Tana tsamo iska mai kyau da abinci daga jinin uwa ta miƙa masa. Tana kwashe dattin jikinsa ta mayar cikin jinin uwa, ƙodar uwa ta fitar. Jinin uwa da na ɗa ba su gauraya. Akwai wata fata siririya ƙwarai tsakaninsu, ta nan ake musayar.

Don wannan aiki ya yiwu, dole jini mai yawa ya riƙa zuwa. In ciki ya tsufa, wajen rabin lita na jinin uwa, ko fiye, ke shiga mahaifa a ko wane minti. Amma hanyoyin jinin da ke bangon mahaifa ƙanana ne, a murɗe suke, suna da matsi. Saboda haka tun kafin ciki ya kai wata biyar, mabiyiya ke aika wasu ƙwayoyin halittarta su kutsa cikin bangon, su buɗa bakin waɗannan hanyoyi, su sassauta su.

Masu noman rani za su gane wannan da sauƙi. In magudanar lambu tana da faɗi, ruwa na tafiya sannu, ko wane fangali ya sha ya ƙoshi. In ta matse, ruwa na zuwa da ƙarfi, yana yankewa yana dawowa, yana cin ƙasa, shuka kuma ba ta ƙoshi.

Cuta mai hawa biyu

Tun da daɗewa lokotoro sun lura cewa hadarin jijjiga na fara lafawa ne bayan mabiyiya ta fita. Sun kuma lura da wani irin ciki da ake samu jefi-jefi, wanda babu ɗa a cikinsa, sai mabiyiya da ta lalace ta zama ƙwaya-ƙwaya. Mace mai irin wannan ciki ma tana iya samun cutar. Ke nan ko babu ɗa cutar na zuwa, in dai akwai mabiyiya. A shekara ta 1972 wani masani ɗan ƙasar Beljiyom mai suna Ibo Borosens, tare da abokan aikinsa, ya nuna cewa hanyoyin jinin nan na mahaifa ba su buɗe yadda ya kamata ba a jikin matan da suka sami cutar.

Redman ya tattara waɗannan hujjoji da abin da ya gani a bakin gadon marasa lafiya. A shekara ta 1991 ya fito da bayanin da har yau ake koyar da ɗaliban likitanci. Ya ce cutar hawa biyu ce.

Hawa na farko yana faruwa a farkon ciki. Mabiyiya ba ta kafu da kyau ba, hanyoyin jini ba su buɗe sosai ba. A wannan lokaci mace ba ta jin komai. Ko an auna jininta ana iya samunsa daidai.

Hawa na biyu yana zuwa daga baya, bayan sati 20, yawanci a watannin ƙarshe. Ɗa ya girma, buƙatarsa ta ƙaru, mabiyiya ta shiga wahala. Sai ta fara zuba wasu abubuwa cikin jinin uwa, masu ɓata bangon hanyoyin jini a duk jiki. Daga nan jini ya hau. Ƙoda ta yi yoyo. Fuska da hannuwa su kumbura. Hanta na iya taɓuwa. In abin ya kai ƙwaƙwalwa, sai jijjiga. Shi kuma ɗan, tunda abinci bai isar masa ba, yana iya tsumburewa, ko ya mutu a ciki.

Kun ga ke nan, ranar da mace ta faɗi ba ita ce ranar da cutar ta fara ba. An shuka ta watanni da suka wuce.

Me mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa?

Wannan tambaya ta ci wa Redman shekaru masu yawa. Tun a shekara ta 1893 wani lokotoro Bajamushe mai suna Shimol ya ga ɓurɓushin mabiyiya cikin huhun matan da jijjiga ta kashe. Redman da abokinsa Iyan Sajent, masanin yadda jiki ke kare kansa daga cuta, suka bi wannan sawu da kayan aiki na zamani. A shekara ta 1998 suka nuna cewa mabiyiya na zubar da ɓurɓushi ƙanana ƙwarai cikin jinin ko wace mace mai ciki, kamar ƙaiƙayi a masussuka. Amma ga mai hadarin jijjiga ɓurɓushin ya fi yawa.

A shekara ta 1999 suka ƙara wani bayani. Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun jiki, masu tashi tsaye in cuta ta shigo. Suka ga cewa ko a ciki mai lafiya waɗannan dakaru a ɗan tashe suke. A hadarin jijjiga kuwa tashin nasu ya wuce kima, har yana cutar da uwa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mace mai ciwon suga, ko ƙiba mai yawa, ko tsohon hawan jini ta fi saurin kamuwa. Hanyoyin jininta sun riga sun gaji, ƙaramin nauyi ya ishe su.

Wasu masana suka ɗora a kan wannan harsashi. A shekara ta 2003, a birnin Bostan na Amurka, Anant Karumanchi da abokan aikinsa suka gano wani sinadari da mabiyiya mai wahala ke fitarwa da yawa, mai hana hanyoyin jini samun abin da ke gyara su. Daga wannan aka ƙirƙiro awon jini da manyan asibitoci na wasu ƙasashe ke amfani da shi don gane macen da ke kusa da hatsari.

Redman bai ji kunyar gyara maganarsa ba. An lura cewa mata da yawa na samun cutar dab da haihuwa, alhali mabiyiyarsu ta kafu da kyau tun farko, ɗansu kuma ba ƙarami ba ne. A shekara ta 2014, yana da shekara fiye da 70, shi da abokan aikinsa suka ba da shawarar cewa akwai hanya ta biyu. Mabiyiya mai lafiya ma tana iya cika wuri a ƙarshen ciki, ta cunkushe, jini ya kasa ratsa ta da kyau. Kamar gero ne da aka shuka da yawa a rami ɗaya ba a rage ba. Darasin a nan shi ne, babu macen da za ta ce ta tsira don farkon cikinta ya yi kyau. Awon watan ƙarshe yana da nauyi kamar na farko.

Sauraron zuciyar ɗa

In mabiyiya ta gaza, ɗan ne ke fara shan wuya, shi kuwa ba ya magana. Hanyar jin labarinsa ita ce bugun zuciyarsa. Zuciyar ɗan da ke ciki na bugawa sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya. In yana lafiya bugun ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ɗan hawa yana ɗan sauka, musamman in ya motsa. In bugun ya miƙe sambal ba canji, alama ce ta wahala.

Akwai na'ura mai zana wannan bugu a kan takarda. Amma lokotoro biyu na iya duba zane ɗaya, wannan ya ce lafiya, wancan ya ce hatsari. Daga ƙarshen shekarun 1970 Redman ya haɗa kai da wani babban masani mai suna Jefiri Dos. Suka tara zane dubbai, suka bi abin da ya sami ko wane jariri, suka koya wa kwamfuta ta auna zanen da ma'auni ɗaya. Wannan tsari yana ɗauke da sunayensu su biyu, kuma asibitoci a ƙasashe da yawa na aiki da shi.

Ba ko wane gwaji ke cin nasara ba

Kada mu ɗauka hanyar bincike shimfiɗaɗɗiya ce. A shekarun 1980 an sa rai cewa ɗan ƙaramin asfirin, a sha kullum, zai hana cutar. Redman na cikin jagororin wani babban gwaji da aka yi da mata 9,364 a ƙasashe da dama. Da sakamakon ya fito a shekara ta 1994, amfanin bai kai yadda aka zata ba. Suka faɗi gaskiya: babu hujjar a ba ko wace mace mai ciki. Sai daga baya wasu gwaje-gwaje, musamman na shekara ta 2017, suka nuna cewa yana da amfani sosai in an zaɓi matan da suka fi hatsari, aka kuma fara ba su tun farkon ciki. Saboda haka asfirin ba abin saye a tebur ba ne don mai ciki ta sha da kanta. Ma'aikacin lafiya ne zai ce wa ya dace da shi.

Daga Oksfod ɗin kuma wata lokotoro mai suna Liliya Duli ta jagoranci gwajin da aka yi da mata 10,141 a ƙasashe 33, har da na Afirka. A shekara ta 2002 aka nuna cewa allurar magineziyom na rage faɗuwar jijjiga da fiye da rabi ga matan da ke da hadarinta. Magani ne mai araha, kuma shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani ya gano tushen cuta, wata ta tabbatar da maganin gaggawa.

Redman ya gane cewa ilmin da ya tsaya a ɗakin bincike bai ceci kowa ba. A shekara ta 1991 shi da wata ƴar jarida mai suna Isabel Woka, wadda ta rasa jaririnta ta dalilin wannan cuta, suka kafa ƙungiya a Ingila don wayar da kan mata da horar da ungozomomi. Suka rubuta littafi cikin harshe mai sauƙi a shekara ta 1992. Saƙonsu bai da wuya: a auna jini, a auna fitsari, a yi haka a kai a kai, a kuma saurari mace in ta ce ba ta jin daidai.

Abin da ya rage gare mu

Ba ko wane gidan likita ke da kwamfuta ko awon jini na zamani ba. Amma abubuwa biyu da suka fi gano hadarin jijjiga ba su da tsada: madaurin hannu na awon tansiyo, da ƴar takardar da ake tsomawa cikin fitsari.

Mu riƙe waɗannan lambobi. In an auna mai ciki aka ce tansiyonta ya kai 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, jini ya hau. Sai a duba fitsari, a riƙa dawowa awo kusa-kusa. In ya kai 16 bisa 11, abin gaggawa ne, ranar za a tafi asibiti. Mu tambayi ungozomar likita ta faɗa mana lambar, ta rubuta a katin awo, mu kuma mu karanta da kanmu.

A shekara ta 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, a fara tun wata uku na farko, a yawaita a watannin ƙarshe. Zuwa awo sau ɗaya don karɓar kati da gidan sauro bai isa ba. Hadari na iya haɗuwa tsakanin kasuwa da kasuwa.

Waɗanda suka fi buƙatar lura su ne mai cikin fari, da yarinya ƙarama, da wadda shekarunta suka kusa 40, da mai cikin tagwaye. Haka nan wadda ta taɓa samun cutar, ko uwarta ko ƴar uwarta ta samu, da mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙoda.

A nan akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa juna. A al'adarmu mai cikin fari ita ta fi kowa kunya. Tana ɓoye cikin, ba ta faɗin ciwo, ba ta son a ga tana zuwa likita. Alhali tana cikin waɗanda suka fi hatsari. Kunya ado ce, amma ba a kan ciwon kai na mai ciki ba. Uwar miji, ke ce za ki kama hannunta ki kai ta. In ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta tafi da katin awonta, ta ci gaba da awo a can.

Ga alamun da in an gani ba a jira gari ya waye:

1. Ciwon kai mai tsanani wanda ba ya sauka.
2. Gani dishi-dishi, ko ganin wuta-wuta.
3. Ciwo a bakin ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, musamman gefen dama.
4. Kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya.
5. Numfashi da ƙyar, ko raguwar fitsari.
6. Raguwar motsin ɗa, ko zubar jini.

In mace ta riga ta faɗi, a kwantar da ita a gefen hagu. A kawar da wuta da duk abin da zai ji mata rauni. Kada a cusa cokali ko yatsa bakinta. Kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, domin zai iya shiga huhu. Kada a turara mata hayaƙi, iska take buƙata. A nemi mota ko amalanke nan take. Gidan likita mafi kusa zai fara taimako, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura ta asibitin gunduma, ko cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko babban gidan haihuwa na Yamai.

Maigida, kai ma da naka aikin. Tun ciki na ƙarami ka ware ɗan abin kuɗin mota, ka san wanda za ka kira da dare. Ka bar izini a gida cewa in abu ya taso a tafi da ita ko ba ka nan. Wani lokaci lokotoro zai ce a tayar da naƙuda, ko a yi fiɗa a ciro ɗan kafin lokacinsa. Yanzu mun san dalili. Tushen cutar na cikin mabiyiya, muddin tana ciki wutar ba ta mutu ba. Jinkirin ba da amsa na iya cin rai biyu.

Bayan haihuwa ma kada a saki jiki. Ɓarnar da aka yi wa hanyoyin jini ba ta gyaruwa rana ɗaya. Jijjiga na iya zuwa bayan an sauka, musamman cikin kwanakin farko. Mai jegon da jininta ya hau ta koma a auna ta. Ta kuma yi hattara da kunun kanwa da yawan gishiri, domin suna ƙara hawan jini. Bincike ya nuna cewa macen da ta taɓa samun wannan cuta ta fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya in shekaru sun ja. Ta riƙa auna tansiyo ko ba ta da ciki, ta kuma faɗa wa ungozoma tarihinta a ciki na gaba.

Kammalawa

Har Redman ya bar duniya ba a sami maganin da zai gyara mabiyiya tana ciki ba. Ɗalibansa da waɗanda suka karanta aikinsa suna ci gaba da nema a ƙasashe da yawa. Amma ya bar mana sanin inda cutar ke farawa, da yadda take hawa, da cewa tana ba da lokaci ga wanda ya auna.

Manomi ba ya hana hadari haɗuwa. Amma in ya hango shi, yakan kwashe shanya, ya kora dabbobi gida, ya kira yara su shigo ɗaki. Awon ciki shi ne ɗaga kai a dubi gabas.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa wanda bai samu ba, musamman gidan da ke da mai ciki.